Kunnen Mai-Tari da Tabarmar Gishiri

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ɗaga sama bai sa mata ginshiƙi ba, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi wutsiya, ya bar ɗan Adam da dabara. Ku gyara zama, mai goro ya fasa, mai gyangyaɗi ya wanke ido, in ba ku labarin tafiyata zuwa Azarma, da abin da na gani, da abin da ya gan ni.

Ni ne Nomau ɗan Cindo maƙeri, mutumin Barkanda, wani dausayi a ƙarshen ƙasar Tamburma. Garinmu garin dabino ne. Shi muke ci, shi muke kai wa kasuwa, da azararsa muke rufin ɗaki, a inuwarsa ake raɗa suna, a inuwarsa ake zaman makoki. Sai wata shekara wata jar tsutsa ta shiga zuciyar itatuwan. Ka ga dabino tsaye lafiya da safe, kafin mako ya zagayo kansa ya sunkuya kamar wanda aka kama da sata. Gona ta bi gona. Mutane suka fara ɗaure kaya suna barin gidajen kakanninsu.

Dattawa suka ce a Azarma akwai wani irin dabino da tsutsa ba ta kusantarsa. An sha aika raƙuma, amma hanyarsu tana zagaye wani fili ne da ake kira Tabarmar Gishiri, kafin su dawo dashen ya bushe ya zama itacen girki. Hanya ɗaya ce gajera, ita ce a ratsa Tabarmar ta tsakiya. Mutum ɗaya kuma ya taɓa yin haka ya dawo da ransa, wani tsohon direba da ake kira Baba Shekarau. Motarsa ta nutse a bakin gaɓa ranar dawowa, bai tsira da komai ba sai mitar da ke nuna gudun mota, wadda ya fizge ya rungume kamar jariri.

Na je na durƙusa a gabansa na ce zan gwada. Sai ya jawo mitar daga ƙarƙashin gado. A jikin gilashinta akwai zane biyu da aka karce da ƙusa.

Ya ce, "Tabarmar nan ɓawon gishiri ce kawai, a ƙarƙashinta taɓo ne da ba a san ƙarshensa ba. In allurar nan ta sauka ƙasa da zanen farko, ɓawon zai ji nauyinka ya buɗe baki. In ta haura zane na biyu, girgizar tayarka za ta tsaga shi a gabanka. Kada ka yarda da idonka, ɗana. Can babu itace, babu dutse, babu abin da zai wuce ka har ka san kana tafiya. Allurar nan ita ce idonka."

Ya haɗa mini da wayoyin mita guda biyu. Ga wanda bai sani ba, wayar mita wata siririyar waya ce da ke juyawa cikin kubenta, kanta ɗaya a akwatin giya, ɗayan a bayan mita. In ta tsinke, allura ta mutu.

Mota kuwa ba ni da ita, sai na ƙera. Na fasa gangunan mai na miƙe su da guduma na yi jiki. Na ɗauko injin ban-ruwa da ya rasa aiki tun da gonaki suka mutu. Tayoyi, sitiyari da akwatin giya na tsinto su daga gawar wata a-kori-kura da kaji ke ƙwai a cikinta. Ranar da na fara tayar da ita ta yi wani irin tari har awakin unguwa suka tsinke igiya, daga nan yara suka sa mata suna Mai-Tari, sunan kuwa ya bi ta.

Tsakanin inji da ƙafafun direba na kafa wani faifan ƙarfe don zafi da hayaƙi. Da na zo ɗaura mita sai na ga babu inda waya za ta bi. Na ɗora babbar ƙusa na doka, na faɗaɗa da kurfi, na zura waya, na karkaɗe hannu. Bakin hudar ya yi caɓa-caɓa kamar haƙoran zarto, amma ina sauri, ban tsaya masa ba.

Ranar tashi na fito na tarar da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, zaune daram a kujerar gaba, buhun daddawarta a kan cinya. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a Barkanda ba a taɓa jin wanda ya kayar da ita a ciniki ko a gardama ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan tafiya ba ta kasuwa ba ce. Ana iya rasa rai."

Ta ce, "Shi ya sa. Ni na goya ka har bayana ya lanƙwashe, ba zan zauna a gida gishiri ya cinye mini wahalata ba. Ja mu tafi."

Na ja muka tafi.

Muka ratsa ƙasar duwatsu masu kuka, inda iska ke shiga kogo ta fito da murya irin ta mai neman bashin barci. Muka ratsa dajin da kukokinsa suka tsiro a kwance. Duk tsawon hanyar Mai-Tari na rawa tana karkarwa, wayar mita kuwa na goga wuyanta a haƙoran hudar nan, ni ban sani ba. Muna hango ganuwar wani birni sai allura ta yi tsalle sau biyu, ta faɗi ta kwanta. Na leƙa ƙasa na ga kube ya yanke, waya ta rabu biyu. Na ce bari mu shiga birnin in gyara a inuwa.

Ashe Birnin Lallaɓa ne. Tun zamanin da wani sarkinsu ya faɗo daga doki mai sukuwa aka kafa doka cewa babu mahalukin da zai yi saurin da ya wuce tafiyar tsohuwar saniyar Alƙali. Mutanen garin tafiya suke kamar masu ɗauke da ƙwarya cike da mai. Mu kuwa muka faɗo ta ƙofar gabas da tari da hayaƙi. 'Yan doka ba su bi mu ba, tunda doka ta hana su gudu. Sai dai murya ba ta cikin dokar. Wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba, kafin mu kai ƙofar yamma an rufe ta an sa sakata.

Aka kai mu gaban Alƙali Mijinyawa, wani dattijo mai tumbi da fararen gira. Kaiwar ma ta ci rabin yini. Ya ce hukuncin mai gudu a bayyane yake: a cire ƙafafun abin hawansa a rataye a ƙofar gari. Na tuna da dabinon Barkanda. Sai Gwaggo ta taka mini ƙafa, ta nuna mini mita da haɓa.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, a ƙasarmu ba a yanke hukunci sai an ji shaida. A cikin motar nan akwai mai shaida da ba ya cin hanci, ba shi da dangi, ba ya jin tsoro. Allura ce. In mota ta yi gudu sai ta miƙe tsaye, in ba ta yi ba sai ta kwanta. A shiga a gani."

Alƙali ya ce lalle shari'a ba ta ƙin shaida. Aka tallafa shi ya shiga, Gwaggo ta koma baya kan buhunta. Na taka totur. Rumfunan kasuwa suka fara wucewa fuu, rawaninsa ya warware yana kaɗawa a baya kamar tuta, allura kuwa tana kwance abinta ko motsi. Na saci kallonsa. Idonsa a lumshe, bakinsa a buɗe, iska na wasa da gemunsa. Mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa jin iska ta doki fuskarsa ba.

Da muka zagayo na tsaya, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ban gama fahimtar maganar mai shaidan nan ba. A sake."

Aka sake. Ya ce har yanzu akwai shubuha. Aka kuma sakewa. Sai da la'asar ta yi sannan ya sauko, ya zauna a buzunsa ya yanke hukunci cewa mai shaida ya tabbatar mota ba ta motsa ba, saboda haka birnin ne ya yi gudu, kuma tunda birni ba shi da ƙafafun da za a cire, an yi masa gargaɗi. Jama'a suka yi ta jinjina kai suna yaba zurfin iliminsa.

Shi da kansa ya raka mu ƙofa. Ya sunkuyo ta taga kamar zai yi mana addu'a, ya ce a hankali, "Ɗana, ka gyara wayarka. Na ji Tabarma za ka. Gishiri ba ya karɓar irin wannan shaida."

A bayan gari na ɗaura waya ta biyu, ita ce ta ƙarshe. Yanzu na san maƙiyina, sai na naɗe wuyan wayar da tsumma a daidai huda. Ba mu yi nisa ba haƙoran suka tauna tsumman suka zubar. Na yanki fatar takalmina na naɗa. Ta ɗan jure, amma zafin inji ya busar da ita ta ƙanƙance, ta zame ta bi waya ta gangara. Na cusa ɓawon rake, ya zama gari. Gwaggo ta liƙa daddawa, ta narke, muka yi tafiyar yini guda cikin ƙamshin miya, kuraye na bin mu a baya. Kowane gwaji sai ya bar sabon tabo a jikin kube. Daga ƙarshe na kwance wayar na naɗe ta na sa a aljihu, na ce ba za ta sake shiga hudar nan ba sai na samo mata mai tsaro.

Haka muka hau Tsaunin Ɓula, gari na ƙarshe kafin Tabarma. Mutanensa ana kiransu Kunnawa. Ba su san aljihu ba, ba su san jaka ba, komai a kunne suke ratayewa. Mabuɗi a kunne, zabira a kunne, na ga wani manomi da 'yar fartanya tana lilo a kafaɗarsa daga kunnen hagu. Na yi mamakin yadda igiya ba ta yanka musu nama, sai na matsa kusa da wani mai sayar da ƙosai na duba. A cikin hudar kunnensa akwai wani baƙin zobe mai kauri da taushi, na danƙon gamji, da ɗan kwarmi zagaye da gefensa inda fatar kunne ke kwanciya. Leɓe ɗaya a gaba, leɓe ɗaya a baya, ba ya fita ba ya zamewa, igiya kuwa na wucewa ta tsakiyarsa. Na tsaya baki buɗe har ƙosaina ya huce. Su zoben yana kare musu kunne daga igiya, ni kuwa igiyata nake so a kare daga kunne.

Na ce ya sayar mini ɗaya. Ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da uwarsa. Ya ce zoben kunne ba haja ba ne. Magajiyar Kunne ce kaɗai ke dafa shi, ita ke sa wa yaro ranar suna, da shi kuma ake binne mutum. Na bi kasuwa rumfa rumfa, kowa amsarsa ɗaya. Na dawo na zauna a inuwar mota na rafka tagumi.

Gwaggo kuwa ta tafi rijiya wai shan ruwa, ta dawo da labarin garin kaf a bakinta. Ta ce, "Tashi ka wanke motar nan. Suna da wata doka: abin kunya ne ga gari duka a bar hudajjen kunne ya kwana tsirara a cikinsa, ko na baƙo ne. Ka cire murfin inji, ka bar mini sauran."

Ta yafa wa Mai-Tari zanenta mai kyau, ta shafa mata kwalli a fitilu, muka tura ta har ƙofar Magajiya Lanti. Tsohuwa ce doguwa, kunnuwanta sun sauko har ƙirji, a kowanne an rataye almakashi da basilla da ƙananan tulunan magani. Gwaggo ta zube ta kwashi gaisuwa, sannan ta fara share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, jikata na kawo miki. Marainiya ce, ba ta da uwa, ga uban nan sakarai. Shi ya huda mata kunne da kansa, ya bar ta haka tana yawo a duniya ba zobe."

Magajiya ta zagaya motar a hankali. Ta sunkuya ta dubi hudar, ta shafa bakinta da yatsa, ta janye da sauri tana tsotsar jini.

Ta ce, "Wanda ya yi wannan huda, ko kunnen jaki bai kamata a ba shi ba. Amma kunne sai in yana ji. Jikar taki tana ji?"

Gwaggo ta ce, "Sarai. Sai dai tana da tsoron baƙi, bari in shiga in riƙe ta."

Na tayar da inji yana gunaguni ƙasa-ƙasa, Gwaggo ta shiga ta zauna, ta ɗora babban yatsan ƙafarta a kan totur ta rufe da zane. Magajiya ta kira, "Mai-Tari." Mota ta yi gurnani ta yi tari. Jama'ar da suka taru suka ja da baya. Ta sake kira, mota ta sake amsawa. Sai Magajiya ta yi murmushi, ta kafa bakinta a hudar ta yi raɗa, yadda ko ni da ke kusa ban ji ba. Mota ta yi shiru. Magajiya ta miƙe tana kallon Gwaggo.

Gwaggo ko gezau. Ta ce, "Ai tarbiyya ce, ranki ya daɗe. Yarinyar kirki ba ta amsa raɗa a gaban ubanta."

Magajiya ta yi dariya har tulunan kunnenta suka yi ta karo da juna. Ta ce, "Ke da ni da mun haɗu muna 'yan mata, da garin nan bai zauna lafiya ba. Na karɓi jikarki. Amma ina za ku da ita?"

Gwaggo ta daina wasa ta gaya mata gaskiya, tun daga tsutsa har zuwa gidajen da aka rufe da ƙaya. Sai Magajiya ta miƙo mini magagari ta ce in fara gyara ɓarnata. Na durƙusa na goge haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, tana bi da yatsa, tana cewa saura nan, saura can, har bakin hudar ya yi sumul kamar bakin ƙwarya. Ta auna hudar da kara, ta auna kaurin wayar, ta zaɓo zobe daga cikin tukunya. Ta jefa shi a ruwan zafi ya yi laushi, ta shafe shi da man kaɗe, ta lanƙwasa shi ta tura leɓe ɗaya, ta bi sauran da ƙotar cokali tana dannawa har ƙarfen ya faɗa cikin kwarmin ya zauna daram. Na zura waya, ta wuce sulɓ kamar ta san hanya.

Na ja ta zan ɗaure tam, sai Magajiya ta buge mini hannu. Ta ce, "Kada ka karya mata wuya. Bar ta ta lanƙwaso a hankali kamar wutsiyar saniya, ka bar mata 'yar sarari ta numfasa. Kuma ka janye ta daga bututun nan mai zafi." Na yi yadda ta ce, na ɗaure ta gefe da tsirkiyar fata.

Na fara godiya ina shirin tashi, sai na ji ƙarti biyu sun dafa kafaɗuna. Magajiya ta zaro basilla daga kunnenta tana gasa ta a wuta.

Ta ce, "Saura ɗaya. A garin nan ba a sa wa 'ya zobe uba na yawo da toshasshen kunne."

Na dubi Gwaggo neman ceto. Ta ce, "Daure, ɗan nan. Kai ma ka ji yadda yarinyar ta ji." Abin da ya biyo baya ba zan faɗa ba, sai dai an ce tsuntsayen tsaunin sun yi kwanaki ba su dawo ba.

Washegari da hantsi muka gangara bakin Tabarmar Gishiri. Fari a ƙasa, fari a sama, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Na yi bisimilla, na taka totur tun daga tudu, allura ta miƙe ta shiga tsakanin zane biyu, muka hau ɓawon.

Ba a jima ba na gane maganar Baba Shekarau. Inji na kuka, taya na juyawa, amma wallahi ji nake a tsaye muke cak. Can sai muka fara wuce wasu fararen tsibi kamar raƙuman da suka durƙusa. Da na dubi ɗaya da kyau sai na ga sitiyari ya leƙo daga cikinsa. Motocin waɗanda suka riga mu ne, gishiri ya yi musu likkafani. Gwaggo ta daina magana, abin da ban taɓa gani ba.

Da rana ta take sai wata ƙara ta taso a bayanmu kamar ana yaga sabon yadi. Gwaggo ta waiga ta ce, "Nomau, ƙasa na tsagewa, tana bin mu." Na ga tsagar a madubi, baƙa, tana tafe kamar maciji a kan sawunmu.

Ta ce, "Ƙara wuta. Ba ma tafiya, a tsaye muke, ƙara wuta."

Ƙafata ta so ta bi maganarta, zuciyata ma haka. Na kafa ido a kan allura, tana nan tsakanin zane biyu, ba ta rawa. Na leƙa ƙasa, ga waya na karkarwa cikin baƙin zobenta, ƙarfen na girgiza amma bai taɓa ta ba. Na ce, "Gwaggo, yau dai ki yi haƙuri, akwai wadda zan saurara ba ke ba." Ta dunƙule hannu ta dake ni a kafaɗa, na daure ban ƙara ko kaɗan ba. Tsagar ta bi mu, ta bi mu, ta zo har inuwar tayar baya, sannan ta karkata hagu ta tafi abinta. Da yamma tayoyin suka taɓa jan yashi, na tsaya, muka fito muka yi sujada, gishiri na zuba daga girarmu.

Azarma kuwa aljannar duniya ce, dabinonta har ƙasa yake taɓawa don nauyi. Masu gonakin suka ce ba sa sayar da dashe ga baƙo. Gwaggo ta roƙi aron tukunya ta kaɗa musu miyar kuka da daddawa. Da farko sun toshe hanci suna tambaya wane ne ya mutu. Da suka ɗanɗana, babban cikinsu ya lashe kwano ya lashe yatsu, ya ce a cika mana mota da dashe, maza da mata, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, mu dai mu bar musu buhun nan baƙi.

A nan ƙaddara ta same ni. Gishiri ya shiga sabuwar hudar kunnena, ya kumbura ya yi kamar gwanda, zazzaɓi ya rufe ni har ina ganin mita biyu, allura huɗu. Masu gonar suka ce dashen ba zai jira in warke ba.

Gwaggo ta ɗaure ɗankwalinta tam ta ce, "Matsa can. Na zauna kusa da kai tun daga Barkanda, ban ga abin da kake yi da ya fi tuƙa tuwo wuya ba."

Ba ni da ƙarfin gardama. Na tayar mata da inji, na sa mata giya, na nuna mata totur, na ce ta riƙe allura tsakanin zane biyu ko sama za ta faɗo. Na buɗe baki zan nuna mata birki, sai duniya ta yi mini duhu.

Abin da ya faru daga nan a bakin mutane na ji shi. Gwaggo ta ƙetare Tabarma tiryan-tiryan, allura ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ta hau tudu. Da yake babu wanda ya ce mata in an fita gishiri a sassauta, sai ta ci gaba da riƙe allurar a inda take. Ta ratsa garken zabi. Ta shiga ta dangar wani makiyayi ta fita ta ɗaya gefen da igiyar shanyarsa, wandunansa na kaɗawa a bayan mota. Tana ta yi wa Mai-Tari tsawa irin ta jaki tana jan sitiyari baya kamar linzami, mota ba ta san wannan yare ba. Sai da wani tudun rairayi mai tausayi ya tare su ya rungume motar har wuya.

Na farka ƙafafuna a sama, kaina cikin dashen dabino, kumburin kunnena ya fashe, zazzaɓi ya sauka. Gwaggo na zaune riƙe da sitiyari, idonta na ƙyalli kamar na yarinya ranar sallah. Muka tone motar, muka ƙirga dashe babu wanda ya karye. Na zagayo zan shiga wurin direba, sai na tarar ta riga ni.

Na ce, "Gwaggo, na warke."

Ta ce, "Na gani, barka. Zagaya can. Ka nuna mini abin tsayawar nan in mun kusa gida."

Ita ta shigo da mu Barkanda, ta tsaya a jikin rumbun liman. Muka dasa dabinon a ranar, kowane gida ya ɗauki nasa. Tsutsa ta zo ta shinshina ta koma. Waɗanda suka yi ƙaura suka fara dawowa suna cire ƙaya daga ƙofofinsu, Baba Shekarau kuwa ya rayu har ya ci 'ya'yan fari da sauran haƙoransa.

Mai-Tari dai ba ta dawo hannuna ba. Gwaggo ta ce jikarta ce, an shaida a gaban Magajiya da jama'a, in ina da ja in kai ƙara Birnin Lallaɓa. Yanzu ita ke kai dabino kasuwannin Tamburma, ni ina baya a kan buhuna ina riƙe da hula. In kun ji tari daga nesa, ku janye yaranku da awakinku daga hanya. Hikayata ta tsaya a nan, don ni na san inda birki yake.